Doyar Iri

…kuma ba ni na ce a fara da tsibirin Tavira ba, Yaya Pakoa. Kai ka ce. Da bakinka ka faɗa, ina zaune gaban rediyon oba-oba, ɗaki cike da mutane, muryarka na zuwa tana yankewa — "Nalua muna lafiya… ku fara da waɗanda suka fi mu." Kai ne mai garin tsibirinmu Nalua. Ni Leimara ƙanwarka ce kawai, wadda ofishin lardi ya ɗora wa rabon kayan agajin guguwa don an rasa mai ɗauka. Mai gari ya ce lafiya, ni wace ce da zan ce a'a?

To me ya sa tun safe nake ta maimaita maka a zuciyata?

Buhu ya fashe. Ga shinkafa nan ta watse a kan simintin tashar jirgi, rana ta take, 'yan dako sun tsaya suna kallona kamar ni na fasa shi. A tattare… a tattare har da yashin, matan Tavira za su sheƙe. Toara na tsaye a kan jirginsa yana ƙwala mini kira, "Gwamnati! Ruwa na janyewa fa, teku ba ta jiran sa hannu!" Gwamnati yake kirana tun da guguwar nan ta wuce. Gwamnati mai silifas ƙafa ɗaya ja, ƙafa ɗaya shuɗi. Jirginsa kaɗai ya rage da ke iya ɗaukar kaya, sauran suna tudu a kife, ɗaya ma yana tsakiyar gonar kwakwa, Allah kaɗai ya san yadda ya je can. Jirgi ɗaya, man tafiya ɗaya. In ya fita daga mashigar duwatsu hanya ta rabu — hagu Nalua, dama Tavira. Man ba zai kai biyun ba. Mun lissafa, mun sake lissafawa, har Toara ya zura sanda a tanki ya nuna mini inda ta jiƙe.

Dama. Na riga na ce dama.

Babban jirgi na tafe daga Vila, babban birnin ƙasa, haka aka ce. Haka aka ce ranar da rufin ofishinmu ya tashi, haka aka ce shekaranjiya, haka aka ce jiya. Yana tafe… yana tafe. Wataƙila rarrafe yake yi.

Kaina na sarawa. Yaushe rabona da barci a kwance? Ajin makarantar firamare shi ne ofis yanzu, taswira a shimfiɗe kan teburin malami, an danne gefenta da duwatsu. Ba mu da abin sa alama sai murafen kwalba. Jan murfi, a kai musu yanzu. Kore, za su iya jira. Ni na ƙirƙiro wannan dabara, har ina jin kaina — ka ji fa, ran mutane a ƙarƙashin murfin lemo. Kuma kowa ya shigo sai ya sa yatsa. Fasto ya tura ja wajen da cocinsa yake. Turawan ƙungiyar agaji ba sa taɓa komai sai an je an gani. Sojoji na jiran umarni daga wanda shi ma umarni yake jira. Matasan sa-kai na coci sun sauka daga Vila da zuciya ɗaya, wallahi da zuciya ɗaya, amma da gita. Gita, Yaya! Ga kwantena guda da bayin Allah suka tara mana a ƙasashen sanyi, aka buɗe da murna, sai rigunan sanyi masu gashi da takalman mata masu tsini. Wata tsohuwa ta ɗaga ɗaya ta jujjuya, ta tambaye ni ko na haƙar rogo ne.

Na yi dariya? Ina jin na yi. Daga baya na shiga bayan aji na yi amai.

A kan Nalua jan murfi na sa tun farko. Ni na sa da hannuna, don ta kanku guguwar ta bi, kowa ya sani. Sai Kalmet, sakataren lardi, ya duƙa kan taswirar, ya zuge gilashinsa ƙasa… "Leimara, a yi hattara fa. Kar mu ji an ce shinkafar gwamnati ta san hanyar gidanku." Cikin raha ya faɗa. Ɗaki ya ɗauki dariya, har Turawan da ba su ji me aka ce ba. Ni ma na bangale baki, ya zan yi? Amma maganar ta shige ni, Yaya, ta zauna nan ƙasan haƙarƙarina, har yanzu tana nan. Shekara nawa ina aikin nan ban taɓa kai ko gwangwanin kifi gida ba? Kai shaida ne, kai da kake mini tsiya cewa gara a haifi akuya da a haifi ma'aikaciyar gwamnati, akuya ko nono za a sha.

Shi ya sa ban zo na duba ku da kaina ba.

Da na zo… A'a. Da na zo da an ce ta je ta ga danginta ta ƙara gishiri. Sai na ce a tura waɗanda ba su da kowa a can. Ƙaramin kwalekwale, ragowar man inji, Jenita shugabar matasan sa-kai da Turawa biyu. Jenita yarinyar kirki, haifaffiyar Vila, doya a kasuwa ta san ta. Na ce ku je ku gani, abin da kuka gani shi za a yi. Har na kalli Kalmet da na faɗa, don ya ji.

Tamfol… ina tamfol ɗin? A ƙasa ake sa shi, ba a kan maganin ba, wa ya ɗora jarkar ruwa a kan kwalin magani? Toara na zagin wani. Ruwa ya sauka daga bakin siminti, ga gansakuka ta fara bayyana a jikin turakun.

Suka dawo da yamma suna sheƙi, Jenita ta fara zuba. "Anti Leimara, mutanenku suna da abinci! Wallahi cikina kamar ya fashe. Rufi dai duk ya tafi, amma har sun fara ɗaura ganye, suna waƙa. Laplap suka yi mana, irin wanda ake gurza doya ko rogo a gasa cikin ganye, mai tsawon ƙyauren nan, har da na tafiya suka ƙunso, mu muka cinye a hanya." Baturen ya gyaɗa kai, ya shafa cikinsa. Ita baturiyar ta ce ba ta taɓa ganin mutane masu juriya irin waɗannan ba. Ɗaki ya juyo gare ni. Kalmet ya kalle ni ta saman gilashi. Na miƙa hannu na ɗauke ja, na ajiye kore.

Kuma daɗi na ji. In faɗa maka gaskiya, daɗi na ji, wani sanyi ya sauko mini tun daga wuya. Inna na da abinci, kai kana da abinci, yaran na waƙa, ni kuma ba wanda zai ƙara cewa uffan a kaina. Duka biyu na samu. Wa ke samun duka biyu a irin wannan lokaci?

Ban tambaye su ko kun ci tare da su ba.

Me ya sa ban tambaya ba? Tambaya ɗaya. Ni da aka haifa a…

Shekarar fari — ka tuna? Kai ka fi ni tunawa, ka girme ni. Muna cin saiwar daji, mai ɗacin nan da sai an jiƙa ta a rafi ta kwana tana fitar da dafi. Sai ga mai duba makarantu ya sauka daga kwalekwale da jakarsa, da farar safa har gwiwa. Kaza ɗaya ta rage mana, mai ɗingishi, wadda na raɗa wa suna. Inna ba ta ko kalle ni ba ta murɗe mata wuya. Aka shimfiɗa tabarma, aka kora mu bayan ɗaki. Ina leƙe ta jikin asabari, yawu na cika mini baki, kai ka riƙe mini hannu kana matsewa don kar in yi kuka. Mutumin ya ɗago ya ce, "Ku fa? Yaran fa?" Baba ya yi murmushi har kunne. "Mun ci, malam, tun ɗazu muka ci. Ƙara mana." Ya ƙara. Ya suɗe ƙashi, ya tafi yana yabon arzikin Nalua. Da dare na tambayi Inna me ya sa Baba ya yi ƙarya, ta ce ba ƙarya ba ce, mutunci ne, in na girma zan gane.

Na girma. Ga ni nan da silifas kala biyu.

A'a, a'a. Wancan zamani ne. Yanzu akwai rediyo, akwai ofis, an yi muku bita, ni da kaina na zo na tara ku a nakamal, rumfar taron gari, maza na jiran a gama su sha kava, jiƙon saiwar nan nasu, na ce in bala'i ya zo ku faɗi gaskiyar abin da ya rage, ba abin kunya ba ne. Kuka ce to. Kai ka fi kowa ɗaga murya da to ɗin. Amma rediyon nan duk tsibirai ke ji… Tavira na ji, masu garin kudu na ji, surukanka na ji. Pakoa ɗan Baba ya buɗe baki a gaban duniya ya ce muna jin yunwa? Kai da ko ƙaya ta soke ka sai ka ce tsalle kake don nishaɗi?

Tun daga ranar da ka ce muna lafiya ba ku sake kunna rediyon ba. Batir, na ce wa kaina. Suna tattalin batir.

Kuma Tavira ba wasa ba ce, kar ka ga kamar ina neman hanyar zamewa. Teku ta hau ta cika musu rijiyoyi da gishiri. Yara na zawo, ruwa-ruwa, ba tsayawa. Nas ɗinsu ta yi kuka a rediyo, kuka sosai, tana cewa ta binne ɗaya, biyu na hannunta idonsu ya faɗa. Mutanen Tavira ba su iya rufe ciki ba, mu da muke musu tsiya tun kaka da kakanni — wai ɗan Tavira in sauro ya cije shi sai an ji a Vila. To yau bakinsu ya yi musu rana. Su sun faɗa, ku kun yi shiru. Ni kuma kunne gare ni, ba duba nake yi ba. Me ake so in yi, in raba jirgi biyu da adda?

Ga mijin nas ɗin can zaune kan jarkoki a cikin jirgi, ya rungume kwalin maganin zawo kamar jariri. Guguwa ta tsare shi a nan. Godiya kawai ya yi mini da safe, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ba na son kallonsa.

An kwance igiya. Toara ya tada inji, baƙin hayaƙi, warin mai. "Gwamnati, a riƙe mana gari! In na dawo ina son takalmi mai tsini guda, na matata!" 'Yan dako na dariya. Na ɗaga masa hannu. Shi ke nan, an gama, na yi abin da ya dace, ko a gaban wa zan iya tsayawa in faɗa. In zauna… In zauna kan wannan turken kaɗan, sannan in koma aji, akwai rigimar tamfol tsakanin Fasto da sojoji, akwai Kalmet da ke son a ɗauki hotonsa yana miƙa buhu, buhun da ya riga ya tafi.

Guguwar ma ba ta jira lokacinta ba. Wa ya taɓa ganin guguwa ana dab da shuka? Tsohuwar doya ta ƙare, sabuwa ba ta shiga ƙasa ba, ayaba da rogo ake lallaɓawa da su kafin… kuma ayaba ita ce farkon faɗuwa, rogo kuma in iska ta jijjiga shi, ruwan gishiri ya bi ta kai, kwana kaɗan ya ruɓe a ƙasa. Na sani. Duk na sani. To da me aka yi laplap mai tsawon ƙyaure?

Gwaza. Ƙila gwazar fadama ta tsira. Ƙila.

Rumfar doya ta Inna, bayan ɗakin girki — ko tana nan? Baba ya kafa ta ƙasa-ƙasa don iska. A nan iri ke kwana a kan gadon gora, kowace da tsironta, ana jiran ranar shuka. Ba mai taɓawa. A shekarar farin ma, da muke cin ɗaci, cikinmu na kuka muna wucewa ta gabanta, ko kallo ba ma yi. Can ƙurya kuma doyar Inna, wadda ta zo da ita daga tsibirinsu ranar aurenta, a naɗe cikin tabarma. Bayanta baƙi kamar kowace, cikinta shunayya. Duk Nalua ba mai irinta sai gidanmu da waɗanda ta sam wa. Sau ɗaya ake cin ta a shekara, ranar bikin sabuwar doya, yatsunmu su rine, mu yini muna nuna wa juna harshe. Wata rana ina ƙarama na saci jiki na shiga, na karce guda da farce don in ga launin. Inna ta kama ni. Na rufe ido ina jiran mari… ba ta mare ni ba. Ta ɗebo toka ta shafe wurin a hankali kamar mai wanke gyambo, ta ce, "Leimara, wanda ya ci wannan ba doya ya ci ba, baɗi ya cinye."

Me ya kawo wannan yanzu? Gajiya ce. In na gaji sai Inna ta yi ta zuwa.

Jirgin ya yi nisa, ya kusa rabin hanya zuwa mashiga. Yana tafe a hankali, ya yi nauyi, ruwa ya kusa bakinsa. Allah ya kai su lafiya. Allah ya sa yaran nan biyu su jira.

Wa ke kirana? Jenita. Tana tahowa da gudu-gudu, waya a hannu, ta samu caji a janareton sojoji ke nan. Yarinyar nan ba ta gajiya. Kwana ta yi tana ɗaukar buhu, tafin hannunta duk ya sale, kuma ga ta tana murmushi. Ba ni da ƙarfin murmushi, Jenita, don Allah…

"Anti, ga hotunan garinku! Tun ranar wayar ta mutu, sai yanzu. Ga mamanki ma, kamarku ɗaya!"

Coci ba rufi. Bishiyar mangwaron makaranta a kwance, saiwa sama. Kai, Yaya — ka sa farar rigarka ta zuwa coci, a ina ka same ta a bushe? Ka rame. Ko hoton ne? Kana dariya, haƙora duka waje, dariyar Baba sak. Jenita ta goga yatsa a kan wayar. Tabarma, an jera furanni a gefe, furanni, a garin da ba ganye a bishiya, wa ya je ya tono su? Turawa biyu sun tanƙwashe ƙafa. Ganyen laplap a buɗe, tururi na tashi…

Tsaya. Koma baya. Ƙara girmansa.

Hasken rana ne. Wayoyin nan suna canza launi, kowa ya sani, ja ya koma… A'a. Ga yatsun baturiyar nan ta ɗaga wa mai ɗauka tana dariya. Sun rine.

Shunayya.

Tun daga wannan gefe har wancan. Mai tsawon ƙyaure. Guda nawa aka gurza kafin a cika wannan ganye? Ba guda ba, ba biyu ba… duk ƙuryar ke nan. Kuma ba a fara da ta ƙurya, Yaya, ni da kai mun sani, ita ce ta ƙarshe, sai an gama da farar, sai an share gadon gora tas, sannan hannu zai kai can. Wato kafin baƙi su zo kun riga kun… tun yaushe? Tun ranar da ka ce muna lafiya?

Ga Inna a bakin hoton, rabinta ma ya fita. Zaune a ƙasa, hannuwa a cinya. Ba ganye a gabanta. Ba ganye a gaban kowa sai baƙi. Can baya, bayan abin da ya rage na ɗakin girki, kawuna ƙanana a jere, suna leƙe. Ɗaya babba ya riƙe hannun ƙarama.

"Yaran nan akwai tarbiyya, Anti, ko kusa ba su zo ba. Na ce su zo mu ci, mai gari ya ce sun ci tun ɗazu. Au — na ma manta! Da za mu taso ya riƙe ni ya ce lallai in gaya wa ƙanwarsa da doyar Inna aka yi mana. Har sau biyu ya faɗa. Ki yi haƙuri, gaisuwar ta shige mini."

Gaisuwa.

Ka faɗa. Ashe ka faɗa. Ba a rediyo ba, ba a gaban masu gari ba, ba ka roƙi kowa ba, ba wanda zai ce Pakoa ya buɗe cikinsa — ka ciyar da baƙo har ya kasa tashi, ka sallame shi da ƙunshi, sannan ka aiko mini da abin da ni kaɗai a duk lardin nan zan gane. Ka san ina nan. Ka ce ai Leimara na can, tana ji za ta sani. Kuna can kuna duban teku tun ranar… Inna na sa a kai ta bakin gaɓa, na san ta, za ta ce iska take sha.

Ni kuma na sa muku murfin lemo.

Kar in mari yarinyar nan. Ba laifinta, me ta sani? An ba ta ta ci, ta gode. Laifin wa? Naka, da girman kan da kuka gada, kai da Baba, mutunci, mutunci, sai ku ci mutuncin mu gani! Yara na bayan ɗaki da yunwa kana jera furanni? Wallahi da kana gabana da na shaƙe wuyan farar rigar nan. Buɗe baki ka ce babu, kalma ɗaya, me zai ragu a jikinka? … Ni fa? Ni da aka ce mini laplap mai tsawon ƙyaure a watan da ba doya, na ji, na danne abin a raina don Kalmet na kallona ta saman gilashi. Ba hoto nake buƙata ba. Tun a ajin na sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗakin nan a cikinsa aka yanke mini cibiya.

Ba yau kaɗai ba ce. Ko shinkafa ta je, ta ƙare, me za a sa a ƙasa? Doyar da ta haye teku cikin tabarmar amarya, ta wuce fari, ta wuce guguwa nawa… ta tafi a cikin Turawa biyu da 'yar Vila, ragowar kuma a hanya, suna lasar yatsa.

Oba-oba. Ina take? A ƙuguna, tun safe a ƙuguna take. Na zaro ta.

Jirgin na bakin mashiga. Ina ganin farin kumfa a kan duwatsu hagu da dama, ruwa ya yi ƙasa sosai, in ya fita ba shigowa sai teku ta sake cika. Yanzu ne. In ya karya dama ya yi nisa, man ba zai dawo da shi hagu ba. In na ce hagu — mijin nas na zaune kan jarkoki, zai ga tsibirinsu na komawa bayansa, zai tashi tsaye, zai tambayi Toara me ya faru. Yara biyu, idonsu ya faɗa. Yunwa na ba da kwanaki, zawo ba ya bayarwa… haka ne? Haka aka koya mana a bita. Amma kwana nawa kuka riga kuka ci a cikin kwanakin? Inna da ko lafiya lau loma uku take yi ta ce ta ƙoshi, yanzu na san ba ta sa komai a baki, tana tura wa jikoki, tana cewa ta ci. Kuma in na ce hagu, da me zan tsaya gaban Kalmet, gaban Fasto, gaban uwar yaran Tavira? In ce launin laplap? In ce wana ya aiko gaisuwa? Shinkafar gwamnati ta san hanyar gidansu, ga shi kowa ya gani, har jirgi ta juyo da shi a tsakiyar ruwa.

In kuma na yi shiru, shi ke nan, ba wanda zai taɓa sani. Jenita ba ta gane ba. Murfin kore ne, mai gari da kansa ya ce lafiya. Hannuna fes.

Kai kaɗai. Kai ma ba za ka faɗa ba, na san ka. In na zo, ko me na tarar, za ka sa farar riga ka tarye ni a gaɓa, ka shimfiɗa mini tabarma…

Na danna. Yaushe na danna? Rediyon na shuuu a tafin hannuna, Jenita ta daina murmushi tana duban fuskata. Jirgin ya rage gudu, yana lilo a tsakanin duwatsun, hancinsa bai karkata ko'ina ba tukuna.

"Gwamnati, ina jin ki. Yi magana mana, ruwa na tafiya."

Ina jin ka, Toara. Ina ji.

Bakina a buɗe yake, Yaya… kuma ka ga, ni ma 'yar gidan ce. Ba abin da ke fitowa.